Ɗakin da Babu Danshi

Ku yi haƙuri da ni tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, kuma ko a aji idan malami ya nuna ni, muryata guduwa take yi ta bar ni tsaye. Na san ba kyau yarinya ta kwance wa gidansu zani a kasuwa. Na yi ta lallashin kaina in bar maganar, ta ƙi baruwa. In kun ga inda alƙalamina ya yi tuntuɓe ku tsallake kawai, ba don ni za ku karanta ba, don Kaka ce.

Babana yana tara tsofaffin kaya. Ma'aikacin ofis ne, amma rabin zuciyarsa ba ta ofis, tana wajen 'yan gwanjo da masu sayar da kayan da magada suka rasa yadda za su yi da su. Yana da rediyoyi masu jikin katako, da agogunan bango, da garmaho mai baki kamar furen kabewa, da tafireta, da wayar tarho wadda ake juya lambobinta da yatsa, da dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a kan murfinsa. Kuma yana da doka guda wadda duk abokansa masu wannan sha'awa suke bi: abin da ya shiga cikin tarin ba ya sake aiki. Baba yakan ce an yi masa ritaya. Ana goge shi, ana sa masa mai, ana nuna wa baƙi, amma ba a mora, agoguna kaɗai ake bari suna tafiya. Mora ita ke cinye tsohon abu, in ji shi.

Kowace safiya kafin ya fita, sai ya sa farar safar hannu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙyalle mai laushi, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa da jakar makaranta ina jira ya ɗago kai. Ya san shekarar da aka ƙera kowane rediyo. Ni kuwa sau biyu yana tambayar Mama aji nawa nake. Ban san ko ana kishi da katako ba, amma akwai wani rediyo mai idon gilashi kore da na daɗe ina yi wa kallon banza.

Baba ma yana da wanda yake yi wa irin wannan kallo. Abokinsa ne tun suna makaranta, mai shagon magani a babban titi, kowa Mai Kyamis yake ce masa. Shi ma yana tara kayan da, kuma nasa sun fi na Baba. Duk ranar da Baba ya je gidansa ya dawo, abincin rana ba ya ciyuwa. Sai ya zauna yana juya cokali yana ba mu labarin ɗakin Mai Kyamis: kabad-kabad na gilashi har sama, fitilu ƙanana a kan kowane abu, da wani inji a lungu mai tsotse danshin iska, ko damina ta yi yaya ba tsatsa ba fumfuna. Yana faɗa yana taɓe baki, wai duk nuna arziki ne, mutumin bai san darajar abin da ya tara ba. Gobe kuma ya sake ba mu labarin daga farko. Har Kaka ta haddace ɗakin nan ba ta taɓa taka shi ba.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Ɗakinta shi ne na gaba, mai babbar taga wadda rana take shigowa ta cikinta tun da sassafe ta kwanta a kan gado. A gindin tagar keken ɗinkinta yake, baƙi, na takawa da ƙafa, da zanen furanni ruwan zinariya a jikinsa. Furannin gefen dama sun koɗe, daidai inda hannunta yake gogawa. Matan unguwa suna kawo mata faci da rage wuyan riga da kayan yara, su zauna a bakin gadonta na ƙarfe su yi ta hira, ita tana taka keke tana sa musu baki ba ta ɗago kai ba. Ragowar ƙyallaye kuwa ba ta zubarwa. Da su take haɗa mini abin shimfiɗa, wai in na tafi babbar makaranta in riƙa rufa da shi, don ta san ba zan yi ƙawa ba sai littafi, littafi kuma ba ya maganin sanyi. Ƙawata take ce mini. Abin shimfiɗar ta kai shi rabi.

Damina ta bara ce ta fara jawo abin. Baba ya buɗe kumbon wata tsohuwar kyamara a falo ya tarar da fumfuna ta yi fari a jikin fatar. Kamar an yi masa mutuwa. Ya bi gidan yana dafa bango da tafin hannu, ɗaki bayan ɗaki, har ya zo na Kaka. Ya dafa, ya sake dafawa.

Da rediyo biyu aka fara, wai ajiya ce a kan kantarta zuwa ruwa ya ɗauke. Kaka ta yi dariya ta ce baƙi ai rahama ne, balle waɗanda ba sa cin abinci. Sai agogo ya biyo baya. Sai garmaho. Sai Baba ya roƙe ta ta daina shanya ɗankwali a jikin taga saboda laima, ta daina shan shayi a ciki saboda tururi. Matan unguwa kuma su riƙa barin yaransu a waje.

Ana haka Mai Kyamis ya zo ganin garmahon. Ya gaishe da Kaka har ƙasa, ya miƙe, idonsa ya faɗa kan keken. Ya manta da garmaho. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa, ya karanta lambar jikinsa, ya ce shi ma yana da irinsa sak, sai dai nasa furanninsa cikakku ne kamar yau aka zana. Ya shafa inda ya koɗe, ya girgiza kai, ya ce wa Baba cikin wasa, ashe yana yawon kasuwanni neman tarkace alhali ga dukiya a gidansa ana cinye ta kullum yana kallo.

Ranar Baba ko cokalin bai juya ba.

Bayan kwana kaɗan ya shigo da kwali. Sabon keke ne ɗan ƙarami, fari, na roba, mai aiki da lantarki. Ya ajiye a gaban Kaka yana murmushi, ya ce ta huta da taka ƙarfe, shekarunta sun wuce wannan wahala. Ya zare abin shimfiɗata daga ƙarƙashin allurar tsohon keken, ya naɗe ya miƙa mini, ya kawo murfin gilashi da ya sa aka yanka masa ya kifa a kai.

Kaka ta ce, “Ai ban gama ba.”

“Ki ƙarasa da sabon, Inna. Ya fi sauri.”

Ya fi sauri kam. Tana taɓa shi ya fizge ƙyallen ya ruga da shi kamar an kore shi, ya tattare zare, ya kusa ɗinke mata yatsa. Ta gwada sau biyu ko uku, ta ce wannan ba ya jin magana, ita ta saba da wanda in ta ce tsaya yake tsayawa. Ta sa na tura shi ƙarƙashin gado. Duk wanda ya tambayi Baba daga baya, amsarsa ɗaya ce: ai na saya mata sabo, ita ce ta ƙi.

Daga nan sai ta zama tana zaune a ɗakinta tana kallon kekenta ta cikin gilashi. Takan yi ɗan ɗinkin hannu, amma idonta ba ya ganin kafar allura sai na zura mata, ni kuma ina makaranta. Matan suka rage zuwa, don ba wanda yake son zama inda ake ce masa kada gwiwarka ta taɓa wancan.

Sai Baba ya sayo kabad biyu na gilashi, irin na Mai Kyamis amma ba su kai su tsawo ba. Babu inda za su shiga sai an fitar da wani abu. Gadon ƙarfen ba zai fita ba, domin Baba ya gano shi ma tsohon ƙira ne, ƙwallayen kansa tagulla ne na gaske. Kujerar keken ba za ta fita ba, tare suke da keken. Aka duba aka duba, abin da ya rage a fitar ita ce mai ɗakin.

Baba bai faɗa da wannan lafazi ba. Cewa ya yi ƙarar agoguna tana hana ta barci, ga baƙi suna shigo mata ba sallama, ya kamata ta samu wuri mai sirri. Na ɗan lokaci ne, har damina ta wuce. Aka share sito na bayan kicin, aka fitar da buhuna da tsofaffin tayoyi, aka shafa farin fenti a kan tabon ruwan da ke bango, aka sa ƙaramin gadon katako. Bangon sito ɗaya ne da na banɗaki, bututu yana bi ta cikinsa. Tagarsa ba ta fi faɗin littafi biyu ba, kuma katangar maƙwabta take kallo. Ba a yi sati ba tabon ya huda fentin ya dawo.

Damina ta wuce. Kaka ba ta koma ba. Wata daminar ta zo ta same ta a can.

Tari ya fara kama ta, irin mai tashi daga ƙasan ƙirji. Sai gwiwoyi. Sai yatsu suka kumbura a gaɓoɓi suka fara lanƙwashewa, har ɗaura ɗankwali ya zama aiki. Katifarta kullum da sanyi kamar an yayyafa mata ruwa. Kayanta suka ɗauki wani wari wanda ko an wanke ba ya fita. In na dawo makaranta nakan shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida inda rana take, amma daga baya takun nan kaɗan ma sai ta huta a hanya. Matan unguwa suka daina zuwa gaba ɗaya. Sito ba ya ɗaukar mutum uku, kuma wa zai kawo faci inda ba keke?

Likita ya duba ta ya ce a raba ta da wuri mai danshi, kuma ta riƙa motsa hannu da ƙafa, kada ta zauna haka. Baba ya ce to. Ya karɓi takardar magani, ya tsallake shagon Mai Kyamis da ke kan hanyarmu, ya tafi can wata unguwa mai nisa ya sayo, don kada abokinsa ya tambayi wa ke ciwo. Ya kawo maganin, ya haɗa mata da bargo sabo. Maganar ɗaki kuwa ya ce likitoci haka suke, komai danshi, komai iska. Tsufa ne kawai, tsufa kuma ba ɗakin da ke maganinsa.

Na yi wa Mama magana muna wanke-wanke. Ta ce in rufa mata asiri, tsakanin ɗa da uwarsa ba ta shiga, in ta yi magana a ce suruka ta fara raba kan gida. Ta ce ai tana kai mata ruwan zafi safe da yamma, me kuma ake so ta yi. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a wani gari, ta bugo waya, na samu na gaya mata a gurguje. Ta yi salati, ta ce za ta yi wa yayanta magana. Da suka yi maganar sai na ji tana dariya, yana ba ta labarin yadda kayan nan za su yi daraja nan gaba, duk na 'ya'yansu ne. Ta ce a gaishe da Inna, a ce mata ta riƙa shafa man zafi.

Ni ma ban fi su ba. Na shirya maganar da zan gaya wa Baba, na maimaita ta a raina har na haddace. Na same shi yana goge mai idon gilashi kore, na ce, “Baba.” Ya ce, “Na'am,” bai juyo ba. Na ce ko in kawo masa ruwa.

Kaka ba ta taɓa kai ƙararsa wajen kowa ba. In an tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi. Sau ɗaya kawai, ina shafa mata mai a yatsu, muka ji agogunan ɗakinta sun buga gaba ɗaya ta cikin bango. Ta saurara har suka gama.

“Ƙawata, kin san wani abin dariya? Na yi zaman duniya ban taɓa kishi da mutum ba. Sai da na tsufa nake kishi da rediyo.” Ta yi tari, ta goge baki. “Wai har yanzu rana tana kaiwa kan gadon?”

Na ce tana kaiwa. Ta ce to madalla, kada ya yi tsatsa.

Su Baba suna da zama da suke yi, masu tara kayan da, kowane lokaci a gidan ɗaya daga cikinsu. A zaman da aka yi gidan Mai Kyamis, wai ya nuna musu kekensa mai cikakkun furanni, kowa ya yaba, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce abin da ke damunsa shi ne bai san hannun da ya fito ba. A wajensu abin da ba a san mai shi na asali ba maraya ne, kome kyansa. Ranar Baba ya dawo ya ci abinci har da ƙari. Zama na gaba a gidanmu ne.

Ana saura kwana biyu ya shiga sito, abin da ya daɗe bai yi ba, ya tsaya a sunkuye don rufin gajere ne. Ya ce wa Kaka jibi za ta koma ɗakinta ta zauna a kan kekenta, a fito mata da kayanta masu kyau. Bai ce na yini ɗaya ba ne. Bai kuma ce ba na yini ɗaya ba ne.

Da ya fita Kaka ta kama hannuna. Ta ce ta san yaron nan, zuciyarsa ba ta da mugunta, mantuwa ce kawai ta yi masa yawa. Ta sa na ɗauko abin shimfiɗar, ta sa na haɗa mata ƙyallayen da suka rage bisa launi, ta ɗaure 'yan kayanta a cikin zani ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce in gaya wa matar mai gyaran famfo ta kawo rigunan yaranta. Ni na ji Baba yana gaya wa Mama a falo abin da ya shirya. Na buɗe baki, na dubi ƙullin kayan nan, na rufe.

Ranar zaman Mama ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, aka sa mata kaya, aka fesa mata turare mai yawa saboda warin sito. Ni da Baba muka riƙo ta zuwa ɗakin gaba tun kafin baƙi su iso. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙifta ido, hasken ya yi mata yawa. Ta ce a shigo da ƙullinta. Baba ya ce sai an jima. Ya ɗage murfin gilashin, ya zaunar da ita, ya karɓi abin shimfiɗar daga hannuna ya sa a ƙarƙashin allura daidai yadda ya same shi bara, ya ja baya ya duba, ya gyara mata zaman mayafi kamar yadda yake gyara zaman agogo.

Baƙi suka zo, maza masu furfura da tabarau, suna zolayar juna, wannan ya ce wa wancan shi ma ya isa a sa shi a kabad. Ni aka ba tiren shayi, a bakin ƙofa kawai, ba a shiga da tururi. Baba ya bi da su kan rediyoyi da garmaho da sauri-sauri, sannan ya matsa gefe ya buɗe hannu. Ya ce ga keke, ga kuma hannun da ya fito, tun yana sabo har yau bai taɓa sanin wani hannu ba. Koɗewar furannin nan ma ba aibi ba ce, shaida ce, ga wuyan hannun da ya yi ta.

Suka yi ca. Suka gaishe ta, suka ciro wayoyi. Na dubi Mai Kyamis. Murmushi yake yi, amma irin wanda na saba gani a fuskar Baba in ya dawo daga gidansa. Shi ne ya ce ai sai Inna ta ɗan taka musu su ji muryarsa.

Kaka ba ta jira an sake faɗa ba. Ta ɗora ƙafafunta a kan matakin, ta dafa ƙyallen, fuskarta ta washe. Ta danna. Matakin ya ɗan sunkuya ya dawo. Ta sake dannawa, gwiwarta ta yi rawa. Ta kai hannun dama za ta juya ƙafar keken ta tayar da shi kamar yadda ta saba, yatsun suka ƙi kamawa, suka zame. Ta sake. Ɗakin ya yi tsit, sai agoguna.

Wani ya ce ko keken ne ya cije. Baba ya ce ina, kullum yana shan mai. Ya miƙa yatsa ɗaya cikin farar safarsa ya taɓa, keken ya juya sumul, ba ko ƙara, allura ta hau ta sauka ta yi ɗinki uku ita kaɗai. Lafiyarsa ƙalau. Kowa ya gani.

Baba ya yi 'yar dariya ya ce ta ɗora hannu kawai a yi hoto. Ya tsaya a gefenta yana juya mata ta baya inda ba za a gani ba, aka ɗauka. Kaka tana kallon hannayenta a kan ƙyallen kamar na wani ne aka ba ta ajiya.

Mai Kyamis ya so ya kashe shirun, ina jin kuma ya so ya rage zafin da ke cinsa. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce ya faɗi abin da yake so a ba shi, shi dai yana son keken nan, amma fa da sharaɗi, har da tsohuwar zai haɗa, don in ba ita ya zama maraya irin nasa. Aka fashe da dariya. Baba ya fi kowa, har yana riƙe ciki.

Kaka ta ɗago kai ta dubi Mai Kyamis. Ba ta ɗaga murya ba.

“Ka haɗa da ni, ɗana. Na ji an ce ɗakinka babu danshi.”

Wasu suka ci gaba da dariya kaɗan, suna zaton wasa ne, sai tari ya turnuƙe ta. Ya daɗe. Mai Kyamis mai sayar da magani ne, ya san irin tarin. Ya dube ta, ya dubi Baba, ya tambaya a hankali wai a ina Inna take kwana. Baba ya shiga gyara safar hannunsa. Ƙullin kayanta yana nan a bakin ƙofa kusa da ƙafata, inda na kawo shi na ajiye ba da izinin kowa ba.

Ba su daɗe ba suka watse, shayin ma ba a sha ba. Na ce a raina shi ke nan, yau kunya za ta yi abin da likita ya kasa. Baba ya raka su ya dawo, ya tsaya a kan Kaka, fuskarsa ta yi baƙi. Na zaci haƙuri zai ba ta.

“Inna, har ke? A gaban mutane ki ce ɗakinsa ya fi nawa?”

Kaka ta dube shi. Sannan ta miƙo mini hannu ta ce in kai ta ta kwanta. Na ɗauki ƙullin da hannu ɗaya, na riƙe ta da ɗayan. Muna fita na ji ya kifa murfin gilashin.

Washegari Mai Kyamis ya aiko da maganin tari da man shafawa, Baba ya mayar masa, ya ce ba a rasa ba. Matar mai gyaran famfo ta zo da rigunan yaranta, Mama ta sallame ta daga ƙofa. Sati bai cika ba mota ta tsaya a ƙofar gida aka sauke kwali babba. Injin tsotse danshi ne, wai ya fi na Mai Kyamis ƙarfi. Baba ya sa aka kai shi ɗakin gaba, ɗakin da dama ba shi da danshi, aka jona shi a lungu kusa da gadon da ba mai kwana a kai. Yana ta gurnani dare da rana.

Na karanta littattafai da yawa inda mugu yake da fuskar mugu. Babana ba ya zagi, ba ya duka, ba ya hana abinci. Yana son tsofaffin abubuwa da gaske, na ga hawaye a idonsa ranar da gilashin wani agogo ya tsage. Ya san cewa tsohon abu yana son rana kaɗan, da iska busasshiya, da hannu mai laushi, da a riƙa leƙa shi kowace safiya. Duk ya sani, ba wanda zai koya masa. Abin da Kaka ta rasa kawai shi ne ba wanda zai yi masa hassada don yana da ita.

Yanzu aiki ya yi wa Baba yawa a ofis, ya ba ni mabuɗin ɗakin da safar hannu, in riƙa zubar da ruwan da injin yake tarawa in na dawo makaranta. Wannan ne karo na farko da ya ba ni amanar wani abu. Nakan zubar da ruwan. Sannan in je sito in riƙo Kaka, mu taho a hankali ta gefen kicin. Mama takan juya baya ta ƙara buɗe famfo. In zaunar da ita a kujerarta, in ɗage gilashin, in sa abin shimfiɗar. Ni nake zama a ƙasa in danna matakin da hannuwana biyu, ita kuma ta bi da ƙyallen da gefen tafinta, tunda yatsun ba sa kamawa. In ta ce tsaya, in tsaya. Ɗinkin yana fita a karkace, takan ce ba komai, sanyi ba ya duba layi. Gurnanin injin yana rufe ƙarar keken, ko a falo ba a ji.

Ba na jin za mu gama. Jiya layi ɗaya muka yi ta ce ƙirjinta, muka zauna kawai tana shan ragowar rana. Amma furen gefen dama ya ƙara koɗewa kaɗan, na duba, kuma ban ji ciwon hakan ba.

Yau ma muna ciki, a gindin tagar na ƙarasa rubuta wannan tana gyangyaɗi. Inuwa ta kai ƙafar gado, lokacin dawowarsa ya yi kusa. Sai in tsince zaren da ya zuba, in goge sawun hannunta, in mayar da gilashin. Ku yafe mini in na faɗi abin da bai kamata ba. Bari in tashe ta mu lallaɓa mu fita, tun ba wanda ya gan mu.